Angon Inna

Yamai, unguwar Zongo, 6 ga Maris 1966

Maigida,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan karatunka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa da kanta, sai dai ta ce zafin Yamai ba irin na Tawa ba ne, nan kogi ke dafa mutum. Angonta ma lafiya, haƙora biyu sun ƙaru.

Takardarka ta zo ran Laraba. Da na kai wurin da ka ce ka samu ɗaki a Dakar, in shirya tahowa watan Yuli, sai da na ajiye ta na zagaya tsakar gida sau biyu. Ashe zan ga teku. A ɗan littafin da matar malamin boko na lakwal ɗin unguwarmu ta ara mini akwai wata yarinya mai tsayawa bakin teku kowace yamma tana jiran jirgin ruwa, iska na kaɗa mata gyale. Ina juya wa Inna labarin da Hausa in muna tsintar shinkafa. Inna ta ce yarinyar aikin yi ta rasa, da an ba ta turmi da ta manta da jirgin. Ni dai ka gaya mini, ana hango ruwan daga tagar ɗakin? Ko ba a hangowa ka ce ana jin ƙararsa.

Sai aikin da ka ba ni. Yadda na gane shi, malamarku mai koyar da halayyar yara tana son sanin abin da yaro ke yi in uwarsa ta fita ta bar shi da baƙo, da abin da yake yi in ta dawo, kai kuma kana son kai mata labarin yaron Yamai. Har na sayi sabon kaye na rubutu saboda haka, na ja layuka a ciki kamar wata likita.

Baƙuwar da na samu ita ce Kadi, wata Bazabarma da suka kama ɗakin da ke jikin namu cikin makon nan. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na ba yaron gwangwanin tumatir da murfin kwano. Inna na gefe tana ɓarar gujiya. Na fita zaure na ƙirga ɗari. Ya dubi ƙofa, ya ɗan yi ƙugi, sai ya tashi ya je ya kama zanen Inna. Da na dawo na zauna a wurina. Bai zo ba. Ya kalle ni daga cinyar Inna, ya ci gaba da wasa da ɓawon gujiya. Kadi ta ce, "Wannan wane irin aiki ne, a fita a dawo ba a sayo kome ba?"

Na karanta wa Inna takardar nan kamar kullum. Ta ce a gaya wa na Dakar ya riƙa cin abinci.

Taka,
Balkisa

Dakar, 22 ga Maris 1966

Balkisa,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, sai mura da ta kama ni kwana uku ta sake ni. Ki gai da Inna da kyau, ki shafa mini kan Alu.

Taga bangon maƙwabci take kallo, amma daga saman bene ana ganin teku har da jirage. Zan hau da ke ranar da kika iso.

Na juya rahotonki da Faransanci na kai wa Madam, malamarmu. Ta karanta shi a gaban aji, ta ce matata ta fi wasu ɗalibanta ido. Da kin ga yadda na zauna ranar.

Bari in gaya miki abin da ake nema, don ki ji daɗin aikin. Masu wannan bincike sun ce kowane yaro, kafin ya cika shekara biyu, yakan zaɓi mutum ɗaya ya mai da shi mafaka. Daga jikinsa yake tashi ya tafi wasa, wurinsa yake komowa in ya tsorata. Sun ce ba nono ne ke kawo haka ba, amsawa ce: wanda in ka yi kuka ya zo. Har suna zaton yadda mutum ya samu wannan tun yana goye, haka zai riƙa riƙe mutane in ya girma, ko da matarsa ce. Na kwana biyu ina tunanin wannan magana.

Madam ta ja layi ƙarƙashin wurin da kika ce kin dawo bai zo ba. Ki sake yi sau uku, ranaku daban. Ki kuma rubuta wa ke ba shi abinci, wa ke yi masa wanka, wurin wa yake gudu in ya firgita.

Mijinki,
Halidu

Yamai, 5 ga Afrilu 1966

Maigida,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Yaya murar? Kadi ta ce ka sha citta da tsamiya. Mu duk lafiya.

Wai a gaban aji aka karanta ni? Na maimaita wurin nan har takardar ta fara laushi. A littattafai ana karanta wasiƙar mace a ɓoye ne ƙarƙashin itace, tawa kuwa ga ta a bakin Baturiya. Washegarin salla Kadi ta kai ni ƙauyen Saga gaishe da danginta. Na tsaya bakin kogi bayan gonakin shinkafa na saki gyalena, ina gwada tsayuwar da zan yi a Dakar. Iska ta ƙi zuwa, sai wani jaki da ya tsaya yana kallona.

Ga aikinka. Na yi sau uku, duk a rumfa, duk bayan hantsi. Sau biyu ya je wurin Inna tun kafin in kai zaure. Na uku ya ɗan yi kuka, Inna ta ɗauke shi ya yi shiru. Ko sau ɗaya bai taho wurina ba da na dawo.

Abinci Inna ke ba shi. Wanka Inna. Goyo Inna, in ƙafar ta bari. Ranar layya gida cike da baƙi, ragon ya yi wani irin kuka da aka kayar da shi, yaron ya firgita ya ƙare a jikin Inna. Tana ta yi masa kirari, wai angonta jarumi ne, rago kawai yake tsoro. Ni nono ne nawa. Ban cika shiga harkarsa ba, ka san hayaniyar yara ba ta barin mutum ya yi karatu.

Na karanta wa Inna ta ji, ta ce haka ne, ba ƙari ba ragi. Ta fara zancen komawa Tawa kafin ruwa ya sauka, saboda shuka.

Taka,
Balkisa

Dakar, 27 ga Afrilu 1966

Balkisa,

Ki yi haƙuri da jinkiri, jarrabawa ce ta riƙe ni. Ina lafiya. Ina gai da Inna, ina gai da Kadi mai citta.

Na zauna da rahotanninki guda huɗu, na kuma nuna wa Madam. Ita ta ce daga nesa ba za ta yanke hukunci ba. Amma ni na san gidanmu, kuma abin a fili yake: Inna ce mafakar Alu. Ba laifinki ba ne, kada ki sa wa ranki. Kin haife shi da ƙuruciya, ga Inna a kusa, yaro kuwa wanda ya amsa masa yake bi.

An nuna mana yaran da aka raba da wanda suka shaƙu da shi farat ɗaya. Wasu sun daina cin abinci, wasu sun daina kuka gaba ɗaya, wannan ya fi muni. Ba na son mu yi wa Alu haka don kawai mu ce ɗanmu na tare da mu. Tunda lokacin yaye ya yi, ga shawarata. Inna ta tafi da shi Tawa, a yaye shi can, ya zauna a hannunta har in gama shekara biyun da suka rage mini. Ke ki taho ke kaɗai. Za ki huta, ki yi karatunki ba mai damunki, har lakwal ɗin yamma na samo miki.

Ni ma ai haka aka yi mini. Ina shekara biyu aka kai ni ƙauye wurin Kaka, ga ni kuwa ban lalace ba. Wannan karon al'ada da ilimi sun yi baki ɗaya, abin har ya ba ni dariya.

Na san Inna za ta yi murna. Ke ma na san za ki ji sauƙi.

Mijinki,
Halidu

Yamai, 9 ga Mayu 1966

Maigida,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya. A ɗakin Kadi nake rubuta wannan, kuma ba wanda zan karanta wa ita.

Ka san da bakin wa Inna ta ji shawararka? Da nawa. Na buɗe takardar a gabanta ina ta zuba karatu da murna, ban ankara ba sai da na ji kaina ina cewa a tafi da shi Tawa. Na so in tsallake, amma na riga na faɗa. Inna ta yi guɗa. Rabon da in ji guɗarta tun ranar suna. Ta riga ta yi magana da mai kamyo, babbar motar da za ta tashi ran Asabar, 21 ga wata, ta kuma fara jera rigunansa cikin kwallarta.

Kai ɗan Tawa ne ko ɗan Faransa? Ka manta ɗan fari ne? Ka taɓa ganin matar da ta ɗauki ɗanta na fari tana yi masa wasa a gaban uwar mijinta? Duk inda ka rubuta sunansa a takarda tsallakewa nake yi in ce "yaron". Kowane layi da na aiko maka sai da ya bi ta kunnen Inna, na kuma gaya maka haka. Me kake so in rubuta tana zaune tana jiran ji?

To ga abin da ba ya cikin kaye. Duk gwajin nan Inna na wurin. In na dawo daga zaure ba na kallonsa, shi ma ya san in da mutane ba na ɗaukarsa, ya daina wahalar da kansa. Ranar layya wurina ya nufo da gudu, hannuwa a sama. Ni na ja da baya na shige bayan wata baƙuwa, shi ne ya juya ya faɗa jikin Inna. Tun ranar abin ke cina.

Amma in Inna ta tafi kasuwa, ko ta kwanta bayan azahar, yana jin ƙarar ƙofa zai yar da abin da ke hannunsa. Alu nawa ne, Maigida. Ga shi na rubuta. Muna da waƙarmu da na ƙirƙira, muna da wasan doki a kan ƙafata. Yana ɓoye mini ƙanzo a kumatu ya kawo mini. In yana barcin rana sai ya riƙe kitsona, in na motsa ya farka. Littattafan da na ce yana hana ni karantawa, shi nake karanta wa su, yana kwance a cikina yana jin Faransanci.

Na yi zaton za ka gane. A littattafai namiji na duban layi ɗaya ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Na ga alama a lakwal ɗinku abin da ke saman layin kawai ake koyarwa.

Ba zan iya buɗe baki in ce wa Inna ina son ɗana ba, ƙasa za ta tsage da ni. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka bugo waya ta gidan waya, kalma biyar ta isa, ka ce ka sake shawara. In ba haka ba ka riƙe tekunka.

Balkisa

Yamai, 22 ga Mayu 1966

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, mu ma lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, labari ne da ni ba na jin zan iya jera shi daidai.

Wayarka ba ta zo ba. Kullum ina gidan waya har mai tagar ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Abin da ya zo ran Talata wata takardarka ce da ta yi saɓani da tawa a hanya, kana cewa in saya masa hula saboda ranar cikin kamyo. Na karanta wa Inna, ta ce ta riga ta saya.

Ran Laraba na tashi na ga saura kwana uku. Sai na yi wa Inna ƙarya, Allah ya yafe mini. Na ce malamarku ta ce akwai gwaji ɗaya da ya rage: wannan karon ita za ta fita, amma ta zagayo ta ƙofar su Kadi ta tsaya bayan zanan madafa ta kalla, kada yaron ya sani.

Ta ce, "Ni tsofai-tsofai da ni zan yi laɓe?"

Na ce, "Aikin likita ne, Inna."

Ta ce, "Likitocin zamani ba su da allura sai gulma." Amma ta ɗauki gyalenta, don ita ma tana son ganin ƙarshen abin. Ta ce da ƙarfi, "Ango, na tafi kasuwa," ta ja ƙofar zaure.

Ya tsaya yana saurare. Da ya ji shiru sai ya watsar da gwangwaninsa ya taho a guje ya faɗa kan gwiwoyina. Ni na shirya abin, amma da lokacin ya zo jikina ya ƙi. Na san idon Inna na kaina. Na zauna kamar gunki, hannuwana a cinya. Ya ja zanena, ya dube ni. Sai ya saki, ya juya yana waige-waige a tsakar gida yana neman wanda ke wurin. Ka ji? Shekara ɗaya da wata tara, ya riga ya san in na sandare to akwai mai kallo. Har ya fara ja da baya zai koma wurin gwangwaninsa, bakinsa na rawa, bai yi kuka ba.

Ban san lokacin da na sure shi ba. Na kira sunansa, ba a hankali ba. Na ɗora shi a ƙafa muka yi doki, na yi masa waƙarmu tun daga farko har ƙarshe, yana ƙyaƙyatawa yana tura mini yatsa a hanci. Ina yi hawaye na zuba, ban daina ba.

Inna ta fito daga bayan zana da tsinken kara a gyalenta. Ba ta dube ni ba. Ta shige ɗaki. Ranar ba ta ce mini uffan ba, washegari ma haka, gaisuwa kawai take amsawa da ka. Kadi ta leƙo ta ce, "Gidan nan kamar an yi rasuwa, ga shi ba gawa." Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina kuma za a tafi da shi.

Ran Juma'a da hantsi ta kira ni. Kwalla na buɗe a gabanta. Ta fara ciro rigunansa ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan gadona, har da hular.

Ta ce, "Marar kunya. 'Yar lakwal. Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar suna, Inna."

"Har da waƙa."

Na sunkuyar da kai.

"Waƙar ma ba daɗi." Ta ninke wani ɗan wando ta sake warware shi. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Da aka kai na Dakar ƙauye, kowace ranar kasuwa sai in ce zan je sayen kuka. Kuka kuwa ga ta a gidanmu har tana ɓata. In taka tun safe, in tsaya bayan rumbun kakarsa, in gan shi yana wasa cikin ƙasa, in juyo. Shekara bakwai. Da aka dawo mini da shi ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni kamar baƙuwa. Har gobe daga can yake gaishe ni."

Sai na kama ninke kayan tare da ita.

Jiya muka raka ta tasha, ni da Kadi. Ita ta goya shi har can, ta ƙi a karɓa mata duk da ƙafar. Da yaran mota suka fara kiran mutanen Tawa, ta kwance shi ta miƙo mini a gaban kowa, ta ce wa Kadi, "Na saki angon nan. Ashe yana da wata, ni yake yi wa daɗin baki saboda tuwo." Kadi ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta hau ta zauna a kan buhu ta juya mana baya. Alu na ta miƙa hannu yana kiranta, ba ta waiwayo ba har kamyon ya sha kwana. Ya yi kuka sosai, don ita ma tasa ce, ka gaya wa Madam wannan. Na rungume shi a tsakiyar tasha, duk wanda ya ga dama ya kalla.

Ta ce kada in kuskura in rubuta maka zancen rumbu. Ga shi na rubuta. Ka aika mata takarda tata ita kaɗai, Malam Harouna na kusa da gidanta zai karanta mata. Kada ka cika ta da ilimi.

Yaye ni zan yi shi da kaina, a hankali, Kadi ta ce za ta koya mini kunun da suke yi. Ban huce da kai ba tukuna, amma na fara ɗinka masa rigar tafiya. Ka gaya wa mai gidan haya mu uku ne.

Taka,
Balkisa